Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Katin Aro da Yaron Misisipi

Makon jiya na tsaya a inda motar hatsi ta sauke ni a tashar birni, hutun Disamba na 1980, da akwatin kwano a ka da naira biyu a lalita, zan yi wata guda a gidan Kawu. Tun ranar wasu ke aiko min da saƙo, wai Malam ka daɗe kana ja mana rai da batun Kumasi, yaushe za a je? Ku ƙara haƙuri. Ba zan iya kai ku Kumasi ba sai mun bi ta Misisipi, domin wani mutumin can ne ya tura ni, alhali ya mutu shekara uku kafin a haife ni.

A gidan hayar da Kawu yake akwai wani akawu, mai son shayin dare. Wata rana ya tarar da ni a zaure ina lallaɓa takardar jaridar da aka ƙunso tsire a ciki, ina karanta rabin labarin da maiƙo bai cinye ba. Ya tsaya ya dube ni.

"Kai ɗan malam, haka kake son karatu?"

Na ce, "E, yallaɓai."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan kati ruwan ƙasa mai sunansa da lamba. Katin laburare ne. Kafin a ba ka irinsa sai ka biya kuɗi, kuma wani ma'aikaci ya tsaya maka, ni kuwa baƙo ne, 'yan kuɗina na motar komawa ne. Ya ce, "In sun tambaya ka ce ni na aike ka. Kuma kada yaran gidan nan su taɓa min littafi da hannun miya."

Washegari na wanke rigar makaranta na tafi. Matar da ke kan tebur ta dubi katin, ta dube ni, ta sake duban katin. Na ce aiko ni aka yi, muryata tana rawa. Ba ta ce uffan ba, ta buga hatimi. Littafin da na ɗauko, ba don na san shi na ɗauko ba. Sunansa kalma biyu ne da ba sai na buɗe ƙamus ba: Black Boy, wato Baƙin Yaro. Marubucin kuwa na kwana uku ina kiransa Wirgit kafin akawun ya yi dariya ya ce Rait ake cewa.

An haifi Richard Wright ranar 4 ga Satumba 1908 a wata gona kusa da garin Natchez, jihar Misisipi, a kudancin Amurka. Kakanninsa duka a cikin bauta aka haife su. Ubansa, Nathan, bai iya karatu ba, gonar farar fata yake nomawa a raba amfani, in an cire bashin iri da na abincin damina daga kasonsa sai ya tashi hannu rabbana. Uwarsa, Ella, ta taɓa koyarwa a makarantar ƙauye. Littafin ya buɗe ne da ranar da Richard, yana ɗan shekara huɗu, ya cinna wa labule wuta da tsinken tsintsiya don ya ga yadda zai ci, gidan kakanninsa ya kama. Ya gudu ya ɓuya a ƙarƙashin gidan da ke cin wuta. Da aka zaro shi uwarsa ta yi masa dukan da sai da ya suma, ya kwanta jinya. Na ajiye littafin na ce, wannan wane irin mutum ne da zai fara ba da tarihinsa da ɓarnar da ya yi da dukan da uwarsa ta yi masa? Mu in za mu faɗi tarihi da asalin gida muke farawa, da su wane suka haifi wane.

Ashe ban ga komai ba. Iyalin suka koma birnin Memfis, uban ya samu aikin dare a wani kantin magani, daga baya ya bi wata mace ya bar su. Yaron bai ma damu ba da farko, don ya huta da tsawa. Sai da ya ce wa uwarsa yana jin yunwa, ta tambaye shi, wa ke kawo abinci gidan nan? Ya ce Baba. Ta ce to, yana ina? Daga ranar, in ji shi, duk lokacin da yunwa ta murɗe masa ciki fuskar ubansa yake gani, da wani ɗaci da ya ratsa shi har ƙashi.

A nan na rufe littafin na fita tsakar gida, ƙarfe ɗayan dare, hunturu yana kaɗawa.

Waɗanda suka karanta kashi na 2 sun san Baba ya tafi fataucin goro Gwanja a 1967, ina da shekara huɗu. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana, mutanen ƙauyenmu da ke can suka dawo da tabarmi da kwanuka, Baba ba ya ciki. Aka ce lafiyarsa ƙalau, ya yi aure a Zangon Kumasi. Sai farin 1973 ya zo. Inna takan tafi surfe gidajen masu hali, ta dawo da tsaki da dusa a bakin zane, ta yi mana fate da tafasa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, "kai wannan" take cewa. In na ce, "Inna, yaushe Baba zai dawo?" sai ta ce, "In goro ya yi kuɗi." Ko sau ɗaya ban ji ta aibata shi ba. Ni ma ban taɓa furtawa ba, ko a zuci ban yarda na gama jimlar ba, don an ce wanda ya yi fushi da mahaifi albarka ta guje shi. Shekara bakwai ina haɗiye abin. Sai ga wani yaro a wata duniya ya rubuta shi ɓaro-ɓaro, an buga, an ajiye a kan kanta, har da hatimin gwamnati a shafin farko.

Akwai wurin da uwar ta ja shi zuwa gun uban don roƙon kuɗin jirgin ƙasa. Suka same shi zaune gaban wuta da sabuwar matar, yana dariya. Ya zaro santi biyar ya miƙa wa yaron. Yaron yana son kuɗin, amma ba daga wannan hannun ba, ya ƙi karɓa. Kafin nan har gidan marayu uwar ta kai shi da ƙanensa, don ba ta iya ciyar da su.

Daga Memfis suka tafi garin Elaine a jihar Arkansas, gun ƙanwar uwarsa Maggie da mijinta Silas Hoskins, mai gidan giya da ke ciniki sosai. A nan Richard ya fara ganin tebur cike da abinci. Bai yarda gobe ma za a samu ba, sai ya riƙa sace burodi yana cusawa a aljihu, in an zo wanki a tarar da shi ya jiƙe ya zama kunu. Wannan ma na san shi. Har na zama malami mai albashi ban daina ɓoye ƙanzo ba. Daɗin bai daɗe ba. Fararen fata masu ƙyashin cinikin Hoskins suka harbe shi, iyalin suka ɗaure kaya suka gudu cikin dare, ba jana'iza, ba zaman makoki, ko gawar ba su gani ba. Ba a jima ba uwar ta samu shanyewar ɓarin jiki, ciwon da bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Riƙo ya koma hannun kakarsa a Jackson. Tsohuwar 'yar wata ɗariƙar Kirista ce masu tsarkake ranar Asabar, ga tsanani. Ba a aiki ran Asabar, ita ce kuma ranar da yaro ɗan makaranta zai samu ɗan aikin da zai sayi littafi da takalmi. Littafin labari a wurinta aikin Shaiɗan ne. Abinci kuwa ɗan kunun masara da miyar kitse da safe, ganye da yamma. Yaron ya gano dabarar buɗe famfo ya kafa baki ruwa ya cika masa ciki tam, ya samu sa'a guda ba ya jin yunwa. Duk da haka ya zo na ɗaya a ajinsa a 1925, aka zaɓe shi ya yi jawabin bankwana. Shugaban makarantar ya rubuta masa jawabin, don akwai fararen fata cikin baƙi, kada yaro ya yi suɓul da baka. Richard ya ce nasa zai karanta. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, ya kafe. Ya karanta nasa, ya sauka, ya fice. Karatun aji kusan a nan ya ƙare masa, yana da shekara 16.

Sai a dare na huɗu na iso wurin da ya sa gashin jikina ya tashi. Ya koma Memfis shi kaɗai, yana share-share da aike a wani kamfanin gilashin ido. Wata safiya ya ga jarida tana zagin wani marubuci farar fata, H. L. Mencken, ya yi mamaki, me farar fata zai faɗa har mutanen kudu su tsane shi haka? Yana son ya karanta, amma laburaren birnin ba a ba baƙar fata aron littafi, sai dai in farar fata ne ya aike shi. Ya daɗe yana nazarin abokan aikinsa, ya zaɓi wani ɗan asalin Ailan, ɗan Katolika, wanda su ma sauran ba sa ƙaunarsa. Mutumin ya ba shi katinsa a ɓoye. Richard ya rubuta takarda da hannunsa kamar daga mai katin, ya ce a ba yaron nan littattafan Mencken, ya kuma kira kansa da mummunan sunan nan da fararen fata ke kiran baƙi da shi, don kada matar laburaren ta yi zargin shi ya rubuta. Ta tambaye shi ko shi zai karanta. Ya ce a'a, shi bai iya karatu ba.

Katin akawun yana tsakiyar littafin, da shi nake alamar shafi. Na zaro shi na yi ta kallo.

Kada in yi ƙarya, abin ba ɗaya ba ne. Ni kuɗi da sa hannu suka tare ni, da an kama ni iyaka a kore ni. Shi doka ce da al'ada, a ƙasar da ake rataye mutum a bishiya a kan abin da bai kai wannan ba. Amma yaro ɗan shekara 17 ba ya auna irin wannan. Abin da na gani shi ne ni da shi duka mun shiga da sunan wani, mun ce aiko mu aka yi. Ya ce da ya buɗe Mencken ya ga mutum yana faɗa da kalmomi kamar mai riƙe da kulki, ya tambayi kansa, ashe ana iya haka? Daga nan ya bi Theodore Dreiser da Sinclair Lewis da sauransu, yana naɗe littafin a jarida don kada a gani a wurin aiki. A ƙarshen 1927 ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago. Nan littafin da ke hannuna ya tsaya.

Sauran labarin sai da na shiga jami'a a ƙarshen shekarun 1980 na tsinto shi. Shikago ba aljanna ba ce. Ya yi wanke-wanke, ya yi aikin wucin gadi a gidan waya, da tattalin arzikin Amurka ya karye bayan 1929 ya bi layin karɓar abincin agaji, ya wanke kejin ɓeraye da zomayen gwaji a wani asibiti. A 1933 ya shiga wata ƙungiyar marubuta ta 'yan gurguzu, daga nan ya shiga jam'iyyar kanta, don su ne fararen fata na farko da suka zauna da shi suka karanta rubutunsa da gaske. A 1937 gidan waya ya ba shi aikin dindindin, irin wanda baƙar fata ke roƙon Allah ya samu a wancan zamani. Ya ƙi, ya tafi Niyok da 'yan canji. Da ɗana ne da na ce ya haukace.

Shekara ta zagayo ya fitar da tarin gajerun labarai, Uncle Tom's Children, bayan ya ci gasar wata mujalla ta dala 500. Aka yaba, shi kuwa bai ji daɗin yabon ba. Ya ce ya lura ya rubuta littafin da 'ya'yan masu banki za su karanta su yi kuka su ji sanyi a ransu, ya rantse na gaba ba zai bar wa kowa mafakar hawaye ba.

Na gaban shi ne Native Son, wanda ya fito a watan Maris na 1940. Cikin mako uku aka sayar da fiye da kwafi 200,000. Wata babbar ƙungiyar masu sayen littafi ta Amurka, mai aika wa mambobinta littafi guda kowane wata, ta zaɓe shi, karo na farko da ta ɗauki ƙagaggen labarin baƙar fata, ko da yake sai da ta sa aka cire wasu wurare. A 1941 Orson Welles, mai shirya wasanni da fina-finai, ya mai da shi wasan daɓe a Niyok.

Wannan littafin na san shi kamar yunwar cikina, don hukumar WAEC ta sa shi a manhajar adabi daga 2016 zuwa 2020, na koyar da shi shekara biyar a jere kafin in yi ritaya. Bigger Thomas saurayi ne ɗan shekara 20, shi da uwarsa da ƙanensa da ƙanwarsa a ɗaki ɗaya, hayar dala takwas a mako. Labarin ya fara da ƙarar agogo da wani ƙaton ɓera da ya kashe da kaskon suya. Ɗalibaina 'yan gidan haya ba su buƙaci bayani a nan ba, sun san yadda maza ke juya baya in mata za su sa kaya. Bigger ya samu aikin direba a gidan wani attajiri, Dalton, mai ba makarantun baƙar fata sadaka, wanda kuma shi ne mai kamfanin da ke karɓar hayar ɗakin ɓeran. Daren farko 'yar gidan, Mary, ta bugu, ya taimaka mata zuwa ɗakinta, uwarta makauniya ta shigo. Tsoron kada a same shi a ɗakin farar mace ya sa ya danne mata baki da matashin kai don ta yi shiru. Ta mutu. Ya cusa gawar a tanderun ɗumama gida. Daga baya ya kashe budurwarsa, Bessie, da bulo. Wright ya tsinci wasu abubuwan ne daga shari'ar wani saurayi, Robert Nixon, da aka kama a Shikago a 1938, abokiyarsa marubuciya Margaret Walker tana yanko masa labaran jarida tana aika masa.

Kowace shekara nakan koyar da abin da littafin ke nufi: tsoro da ƙunci su suka ƙera Bigger, al'ummar da ta ƙera shi ita ta zo tana mamaki. Wata shekara wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, ita Bessie fa? Ita ma baƙa ce, ita ma talaka ce, ba ta kashe kowa ba. An shigo da gawarta gaban masu bincike don a nuna abin da ya yi wa Baturiya. Ita wa ya tsaya mata?"

Na ce Wright da kansa ya nuna wannan rashin adalcin. Ta ce, "Ya nuna, Malam, amma lauyan Bigger ya yi shafi nawa yana magana a kansa?" Ban da amsa. James Baldwin, marubuci baƙar fata wanda Wright ya taimaka masa ya samu tallafin rubutu yana saurayi, tun 1949 ya soki littafin, ya ce an mai da Bigger hujja an rage masa mutuntaka, abin da ya ɓata tsakaninsu ke nan. Ni dai tambayar yarinyar ta fi ta Baldwin zama min a rai.

Wright ya bar jam'iyyar gurguzu a 1942, ya bayyana dalilansa a 1944: suna son su gaya masa abin da zai rubuta. Black Boy ya fito a 1945, shi ma ya yi kasuwa, har wani sanatan Misisipi, Theodore Bilbo, ya tashi a majalisa ya zage shi. Ashe littafin da na karanta a gidan Kawu rabi ne. Ƙungiyar nan ta masu sayen littafi ta ce a yanke ɓangaren Shikago, don labarin ya ƙare da yaro ya tsere zuwa arewa cike da fata. Ragowar ba ta fito a littafi ba sai 1977, da sunan American Hunger, Yunwar Amurka.

Suna da kuɗi ba su canja masa fata ba. Matarsa Ellen farar fata ce, suna tafe a titi ana harararsu. Da zai sayi gida a wata unguwar Niyok sai da lauya ya saya da sunan kamfani, don kada mai gidan ya san wa ke saye. Marubuci mafi shahara cikin baƙaƙen Amurka, har lokacin yana shiga da katin aro. A 1946 ya ziyarci Paris, a 1947 ya kwashe iyalinsa ya koma can dungurungum.

Inda na yi faɗa da shi shi ne Gana. A watan Yuni na 1953 ya hau jirgin ruwa daga Libaful ya sauka a Takoradi, lokacin ƙasar tana Gold Coast, Kwame Nkrumah yana firaminista ƙarƙashin Turawa. George Padmore, ɗan gwagwarmayar haɗin kan Afirka kuma aminin Nkrumah, shi ne ya share masa hanya. Ya yi kusan mako goma, ya je Akara, ya je Kumasi, ya rubuta Black Power a 1954. Na ɗauko littafin a laburaren jami'a da ɗokin in ga garin da ya cinye min uba ta idon mutumin da na ɗauka ɗan'uwa. Na tarar da baƙo. Rawa ta ba shi mamaki, tsiraici ya dame shi, sarauta da addinin mutane duk ya ga sarƙa ce a ƙafarsu. Shi da kansa ya amsa cewa shi baƙar fata ne, su ma baƙar fata ne, amma baƙinsa bai taimake shi ya fahimce su ba. Ya rufe littafin da wasiƙa ga Nkrumah, yana ba shi shawarar a yi wa rayuwar Afirka horo irin na soja in ana son ta ci gaba. Mako goma! Na yi wata guda ban taɓa littafinsa ba. Daga baya na huce, don ko ba komai bai yi mana daɗin baki ba, da ya ga dama da ya rubuta cewa ya dawo gida ya yi kuka a bakin teku, a tafa masa.

Amma a nan na fara lissafi. Mutumin nan ya bar ubansa, ya bar addinin kakarsa, ya bar kudu, ya bar jam'iyya, ya bar Amurka, ya zo Afirka bai ga wurin zama ba. Kowace tafiya yana da hujja, ban ga wadda zan ce bai yi daidai ba. Ya je taron ƙasashen Asiya da Afirka na Bandung a Indunusiya a 1955, ya rubuta littafi a kai, ya halarci taron marubuta baƙar fata a Paris a 1956. Shekarunsa na ƙarshe kuɗi suka ja baya, ciwon atini ya kama shi, yana zargin 'yan leƙen asirin Amurka suna bibiyarsa, kuma takardun da aka buɗe daga baya sun nuna lalle an daɗe ana sa masa ido. Yana kwance ya koma rubuta wasu gajerun waƙoƙi masu layi uku irin na Japanawa, ya yi kusan 4,000, yawancinsu a kan ruwan sama da dusar ƙanƙara da gonakin ƙuruciyarsa. Ya mutu a wani asibitin Paris ranar 28 ga Nuwamba 1960, zuciya ta buga, yana da shekara 52. Aka ƙone gawar tare da kwafin Black Boy, tokar tana maƙabartar Père Lachaise.

Na bar abu ɗaya a baya da gangan. A ƙarshen babin farko na Black Boy, bayan labarin santi biyar, Wright ya tsallake shekara 25 ya ba da labarin ranar da ya sake ganin ubansa. A 1940 ne, Native Son yana kan ganiyarsa, ya bi ta Misisipi. Ya same shi tsaye a kan jar ƙasa, da tsummar rigar noma, fartanya a hannu, haƙora sun zube, gashi ya yi fari. Birni ya kayar da shi, ya dawo noman rabo. Ya ga kamanninsa a fuskar tsohon, ya ji amon muryarsa a tasa, amma ya ce sun zama baƙin juna har abada, harshensu ma ba ɗaya ba. Ya ce ya yafe masa, ya tausaya masa. Sannan ya juya ya tafi.

Tun a zauren Kawu na yi lissafi da yatsu: 1967 a ƙara 25. Na rubuta 1992 a bangon littafin lissafina na ja layi biyu a ƙasa. Abin da ban sani ba shi ne, in na je, me zan yi bayan gaisuwa. In ce na yafe in juya, kamar shi? Na karanta wurin ya fi sau ashirin ina neman abin da tsohon ya ce, babu. Wright bai bar ubansa ya yi magana ko kalma ɗaya ba.

Ranar da na mai da katin, akawun yana hura gawayin shayi. Ya ce, "Ɗan malam, me ka samo?" Na ce labarin wani yaro ne mai jin yunwa. Ya ce, "Yunwa har a Amurka?" Ya yi dariya ya miƙo min kofi.

Da 1992 ta zo ina da shekara 29, ina koyarwa, na yi aure, an haifa min 'ya. Hutun dogon zango na je ƙauye na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna a kan turmi, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, ina so in je Kumasi."

Hannunta bai tsaya ba. Ta fitar da tsakuwa ɗaya, ta fitar da ta biyu. Can ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan tsohuwar adakarta ta ƙarƙashin gado. Ta fito da wata hula zanna da asu ya fara ci, a naɗe cikin ɗankwali.

"Kai wannan," in ji ta, "in ka same shi ka ba shi. Ya manta ta a kan igiya ranar da zai tafi."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu: hanyar Legas zuwa Aflawo, da abin da na tarar a Zango.